Jan Biro A Kan Sunan Bara'atu

Shekara takwas ina riƙe da muƙamin jami'ar jarrabawa a makarantarmu da ke Malali, kuma a duk shekarun nan wanda ya biyo ta ƙofarmu sai ya ga wani ƙaton ƙyalle ɗaure a saman get, an rubuta da manyan baƙaƙe: KASHI ƊARI BISA ƊARI. Wato duk ɗalibin da muka zaunar jarrabawar WAEC ya samu kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, don har yau a nan nake cin abinci. Ni dai sunana Harira, Lissafi nake koyarwa, kuma abokan aikina sun ce ina da baki. Ban musa ba.

Ƙyallen nan shi ne jarinmu. Iyaye, yawancinsu ma'aikatan gwamnati, ba sa tambayar ko muna da ɗakin gwaje-gwaje, ba sa leƙa banɗaki. Su ɗaga kai su karanta, su shigo su karɓi fom.

Yadda muke samun kashi ɗarin kuwa ba wani siddabaru ba ne, kuma ba satar amsa muke yi ba, Allah ya kiyaye. A watan Disamba muke yi wa 'yan aji shida jarrabawar gwaji. Duk wanda ya faɗi Turanci ko Lissafi, sai in ɗauki jan biro in ja layi a kan sunansa. Sai a kira iyayensa, a ba su kujera mai laushi, a ce musu yaro bai gama nuna ba tukuna, ya fi masa alheri ya jira jarrabawar Nuwamba, wadda ake yi wa 'yan waje a wata cibiya daban. In ya ci, madalla. In ya faɗi, ba a lissafinmu ya faɗi ba. Haka muke yi, kuma ni ce mai jan layin.

A shekarar da nake ba ku labari, 'yan aji shida su arba'in da ɗaya ne. Na ja wa takwas layi. Ta takwas ɗin ita ce Bara'atu Ila, wadda ta samu talatin da ɗaya a Lissafi.

Bara'atu yarinya ce mai sanyi, tana zama layi na biyu kusa da taga. Shekara shida ban taɓa kiran suna na ji shiru a gurbinta ba. Rubutunta kamar an buga da inji. Tarihi da Addini da Hausa, sai dai a bi bayanta. Amma da zarar na juya allo na rubuta x, sai ka ga idonta ya raina fata. Na sha ce mata, "Ke Bara'atu, wannan harafi ne fa, ba kunama ba!" Sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai.

Mahaifinta, Malam Ila, malamin makarantar allo ne a Rafin Guza. Mun aika masa takarda ranar Litinin, bai zo ba sai Alhamis, ranar da ba a karatu a wajensa. Dattijo ne siriri, da farar riga wadda ta sha wanki. Da ya iso ƙofar ofishina sai ya tuɓe takalmansa. Na ce, "Haba Malam, shigo da abinka, nan kowa da takalmi yake shiga." Ya ce ai wurin ilimi ne, ya bar su a waje.

Muka gaisa, na tambayi iyali da ɗalibai, na kawo masa ruwa. Sannan na soma karanto masa jawabin nan da na haddace: yarinya mai hankali ce, sai dai ba ta gama nuna ba, Nuwamba ba nisa.

Ya saurara har na kai aya. Sai ya ce, "Malama, ta yi wani laifi ne?"

"Ko kaɗan."

"Ta yi fashin zuwa?"

"Ko sau ɗaya."

"To, na gane." Ya gyara zama. "Malama, ni ban yi boko ba, a gafarce ni in na yi tambayar jahilci. Da zan shigo, mai gadi ya karanta mini abin da ke rubuce a ƙyallen can. Ya ce kowa ya ci. To, kowa ɗin nan, da waɗanda aka cire ake ƙirgawa, ko ban da su?"

Na ce, "Ban da su, Malam."

Ya gyaɗa kai, ba fushi ba komai. "A wajena akwai wanda ke sauka a shekara huɗu, akwai wanda sai ya yi goma. Akwai wanda nake wanke wa allo sau bakwai a kan sura ɗaya. Amma ranar saukarsa, a ƙofar gidana ake shimfiɗa tabarma, kuma sunana ake kira a ce ɗalibin wane ne. Wanda bai sauke ba ma, in an tambaye shi, ɗalibina ne. Ban san ana tura shi wani gida ya yi tilawa don kada a ji tuntuɓensa a nawa ba."

Wallahi na ji kunya. Irin kunyar da ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye hannunsa. Ni mai baki, sai ga ni ina gyara takardun da ba su hargitse ba.

Ya ci gaba da cewa lokacin da zai sa ta sakandaren boko, 'yan'uwansa sun yi ta surutu, shi kuwa ya ce musu shekara shida za ta yi ta gama tare da sa'o'inta, ta nemi kwalejin horon malamai. Ya ce tun ranar Litinin ba ta cin abincin kirki, ta wanke kayan makarantarta ta goge ta sa a ƙasan akwati. "Ba ci nake roƙa mata ba, Malama, ci na Allah ne. Ku bar ta ta zauna a ɗakin da ta yi shekara shida a ciki. In faɗuwa ce, ta faɗi a gidansu."

Da ya tafi, na ɗauki takardar sunayen na nufi ofishin shugaban makaranta, Malam Lawan. Kada ku ɗauka mugu ne. Mutum ne mai fara'a, yana zuwa sunan 'ya'yanmu da ta'aziyyar iyayenmu. Amma ƙyallen nan, ya fi son sa da hularsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina so a mayar da Bara'atu Ila."

Ya cire tabarau. "Nawa ta ci?"

"Talatin da ɗaya."

"Malama Harira, ke ce fa malamar Lissafi. Talatin da ɗaya a Disamba, ya zama hamsin a Mayu?"

"Yana yiwuwa. Yana kuma yiwuwa bai zama ba."

Ya jawo kalkuleta, ya danna, ya juyo mini da fuskarta. "Yara talatin da huɗu ke nan. In ta faɗi, casa'in da bakwai. Kin san makarantar da ke bayan masallacin can ɗari za su rataya. Me zan ce wa masu makaranta?"

Nan fa bakin nawa ya dawo. Na ce, "Ka ce musu mun koyar da yarinya shekara shida, mun ba ta lambar yabo ta ɗa'a sau biyu, da ranar awo ta zo muka ɓoye ta a bayan ƙofa kamar tsummar da ba a so baƙo ya gani. Haba, ranka ya daɗe! In ba ta iya Lissafi ba, wa ya koya mata? Ba ni ba ce? To, a auna ni mana."

Ya mayar da tabaraunsa. Can ya ce, "Shi ke nan. Ki sa ta. Amma in ƙyallen nan ya sauka daga ɗari, ofishin jarrabawa ya bar hannunki. Ba ni zan karɓe ba, karɓewa za a yi."

Na ce na ji. Na koma na sake buga takardar, da sunanta a lamba ta talatin da huɗu.

Daga Janairu har Mayu, kullum aka tashi sai mu zauna ni da ita a ƙarƙashin dalbejiyar da ke bayan ajinsu, minti arba'in kafin la'asar. Na gano abin da ya kamata in gano tun tana aji biyu: haddace hanyar take yi, kamar yadda take haddace komai, in an sauya lamba ɗaya sai ta ɓace. Muka koma baya, can baya, har kan kasa lemo gida huɗu. Wata rana in yi mata tsawa, in dawo in ba ta haƙuri. Wata rana ta warware lissafi ita kaɗai, ta dube ni a tsorace kamar ta fasa kofi. Ta tashi daga talatin da ɗaya zuwa arba'in, zuwa arba'in da shida. A nan lokaci ya cim mana.

Ranar da za a rubuta Lissafi na tsaya a bakin ɗakin jarrabawa ina duba katin kowa. Ta zo cikin kayan nan da ta taɓa sawa a ƙasan akwati, karin guga a hijabinta kamar wuƙa. Ta zauna a kujerarta, kusa da taga. Na juya na ci gaba da duba katin sauran.

Sakamako ya fito a watan Agusta, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ni na buɗe shi a kwamfutar ofis, Malam Lawan yana tsaye a kaina. Talatin da uku sun haye. Bara'atu ta samu kiredit bakwai, biyu daga ciki mafi daraja. Lissafi kuwa D7, taki ɗaya ya rage ta kai kiredit.

Malam Lawan ya ce, "Inna lillahi." Ya juya ya koma ofishinsa. Kafin mako ya zagayo an ɗaura sabon ƙyalle, KASHI CASA'IN DA BAKWAI, da baƙaƙen da suka fi na bara ƙanƙanta. Makullin ofishin jarrabawa kuma aka miƙa wa malamin Turanci, har da jan biron, don a cikin aljihun teburin na bar shi. Na ji zafi, ba zan yi ƙarya ba. Shekara takwas ba kwana takwas ba ce.

Ranar Alhamis suka zo karɓar takardar sakamako, ita da mahaifinta. Na hango su daga ɗakin malamai. Ta tsaya a get ta ɗaga kai ta karanta ƙyallen, sai ta ja hijabi ta rufe fuska. Da na fito, ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti tana kuka.

"Malama, ki yafe mini. Ni na ɓata muku. An ce har ofis an karɓe miki."

Na ɗago ta. Na ce, "Ke, tashi, kada ki ɓata mini rai! Ofis gadon gidanmu ne? Kiredit bakwai kika kawo kike kuka? Lissafi ɗaya ya rage, za ki sake shi a Nuwamba, kuma dalbejiyar nan ba inda ta tafi. Ranar Litinin ki zo da littafinki."

Malam Ila ya karɓi takardar da hannu biyu. Ya ce ta nuna masa inda aka rubuta sunanta, ta nuna. Ya ce ta nuna masa inda aka rubuta sunan makarantar, ta nuna, yana nan daidai ƙarƙashin nata. Ya daɗe da yatsa a wurin. Sannan ya ninke ta a hankali ya sa a aljihun gaba, ya yi mini addu'a doguwa, har da iyayena da ke ƙasa.

Na rako su get ina jin kaina wani iri, sakayau. Har na soma faɗa a zuciyata cewa cikin ƙyallaye tara, wannan ne kaɗai zan wuce ta ƙarƙashinsa ban sunkuyar da kai ba. Ruwa ya ɗauke, masu Keke Napep suna ta wucewa suna watsa taɓo. Malam Ila ya tsayar da ɗaya, Bara'atu ta shiga. Shi kuma ya ɗaga kai ya dubi ƙyallen da ba ya iya karantawa, ya juyo gare ni da murya irin tasa, a hankali.

"Malama, Bara'atu ta ce su takwas aka cire. Sauran bakwai ɗin fa, ina aka kai su?"

Ya jira kaɗan, ya yi mini sallama, suka tafi. Na tsaya a ƙarƙashin casa'in da bakwai ɗin nan ina kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya a zuciyata, kamar yadda nake kira kowace safiya a aji. Na san su duka, ni na ja musu layin. Amma ko ɗaya ban san inda yake ba.