Matar da Ke Jikin Fosta

Rabin kwalejin sun haddace fuskar Maman Kwamanda kafin ita ta san an buga hoton. Yana manne a ƙofar shiga, yana bangon ɗakin karatu da na kantin abinci, har da bayan ƙofar banɗaki. Ga ta nan zaune a wata kujera mai laushi, tana murmushin da ba ta tuna ta yi ba, Kwamanda a cinyarta ya cusa yatsu a baki. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe cewa an buɗe ɗakin reno don 'ya'yan ɗalibai da ma'aikata. A ƙasa kuma aka ce kowa ya zo, ana tare da shi.

Yadda aka yi hoton ba wani dogon labari ba ne. A makon da kwaleji ta yi taron tallata shirye-shiryenta na tallafi, tana zaune a kan matakala ta lulluɓe yaron tana shayar da shi, sai wata mata mai takalmi mai tsini daga ofishin kula da ɗalibai ta tsaya a kanta, ta ce don Allah ta ara musu kanta da jaririn na ɗan lokaci. Aka shigar da ita wani ɗaki mai ƙamshin sabon fenti, aka zaunar da ita, manya suka yanke ƙyalle, aka tafa. Ana ta yi mata magana cikin hayaniya tana cewa to, to. Daga ƙarshe aka miƙa mata lemon kwalba, ta koma aji.

A lokacin ba ta da buƙatar ɗakin, don yawancin ranaku yayarta ce ke riƙe mata yaron a gida. Sai Yaya ta samu aiki a wani shagon ɗinki a can ƙarshen gari, aka ce ta fara a daidai makon da Maman Kwamanda za ta yi jarrabawar aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Wannan ɗaki kuwa akwai wuta, akwai kwalabe masu ruwan da ke cin fata. Ba a shiga da yaro, ko da ana shiga ma ita ba za ta shiga da nata ba. Wanda ya rasa jarrabawar kuma sai ya maimaita shekara.

Mijinta mai gyaran firji ne, yini yake yi a gidajen mutane tsakanin wayoyin lantarki. Shi ya laƙaba wa yaron Kwamanda, wai don in ya buɗe baki kowa a gidan sai ya miƙe tsaye. Ya ce in ta ga dama ya sa shi a akwatin kayan aiki ya tafi da shi, ya fara koyon sana'a da wuri. Ta harare shi, ta ce ya kwantar da hankalinsa, akwai ɗakin reno a makaranta, ita da kanta ta zauna a ciki.

Da ta je, ɗakin a kulle yake. Ta leƙa ta taga ta hango ƙananan gadaje ko ledarsu ba a cire ba. Mai gadi ya tura ta ofishin kula da ɗalibai. Can ta tarar da sakatariya tana ta buga rubutu, ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce mai takalmi mai tsini ta tafi ƙaro ilimi, ai shi ma yana cikin shirye-shiryen tallafin ma'aikata da aka tallata a wancan makon. Maman Kwamanda ta tambayi wa aka bar wa ɗakin. Sakatariya ta nuna bango da biro.

"Ki nemi wannan ta jikin fostar. Ita ce mai kula da shi."

Maman Kwamanda ta juya ta ga kanta tana yi wa kanta murmushi. Ta ce a hankali, "Ai ni ce."

Sai a lokacin sakatariya ta ɗago. Ta dubi bango, ta dube ta, ta dubi goyon da ke bayanta, fuskarta ta washe. Ta ce madalla, ai ita ake ta nema, mutane sun hana su sakat da tambaya, yaushe za ta buɗe?

Maman Kwamanda ta zauna ta yi bayani tiryan-tiryan, tun daga matakala har lemon kwalba. Sakatariya tana ta gyaɗa kai, da ta gama sai ta ce in haka ne gara ta je ofishin walwalar ma'aikata, tunda ɗakin nasu ne su ma. A ofishin walwala wani mutum mai fara'a ya miƙe ya taya ta murnar sabon muƙami, ya ce ta saki jiki da su, duk abin da take so ta rubuto ta hannun ofishin kula da ɗalibai. Ta fito ta tsaya a baranda. Abin da ya fi damunta shi ne ta fara kokwanton kanta. Ranar nan ta ce to da yawa. Wa ya sani ko cikin tafi da hayaniya an tambaye ta wani abu ta amsa?

Daga nan abin ya bi ta ko'ina. Wata ɗaliba mai tsohon ciki ta tare ta a hanya tana tambaya ko ana karɓar jarirai sababbin haihuwa. Wani direban kwaleji ya gaishe ta har da rusunawa. A kanti kuwa Anti Kuku, wadda ta saba riƙe mata Kwamanda in za ta ci abinci, ta dangwara mata faranti ta ce, "Ranki ya daɗe shugabar reno, mu talakawa sai yaushe za a tuna da mu?" Ta nuna ƙarƙashin teburin rabon abinci da haɓa. 'Yarta mai rarrafe ce a wurin, an ɗaure ta da zani a ƙafar tebur don kada ta nufi tukwane. Maman Kwamanda ta rantse mata cewa ita ba kowa ba ce. Anti Kuku ta ce haka manya suke faɗa.

Ranar jarrabawa Maman Kwamanda ta zo da wuri, goyo a baya, farar rigar gwaji a jaka, ba ta da wata dabara a ranta sai addu'a. Mai gadi ya tausaya mata, ya ce ta gwada Baba mai makulli. Wurinsa wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, makullai rataye a ƙusoshi daga sama har ƙasa, ga kuma fostar nan a jikin ƙofarsa. Baba ya ce makullin yana nan, wadda ta tafi ƙaro ilimi ce ta kawo, ta ce mai ɗakin za ta zo ta karɓa. Ya sa tabarau ya ƙare wa fostar kallo, sannan ya miƙa hannu zai sauko da shi.

Ta ce ya dakata, ita fa ba ita ba ce. Hannunsa ya tsaya a sama. Ya ce to ta je ta kawo mai ɗakin. Ta tambaye shi wace ce, ya nuna ƙofa.

"'Yata, ki taimake ni," in ji shi. "In ke ce, in ba ki. In ba ke ba ce, ki kawo ta. Ni tsoho ne, kada ki rikita ni da safen nan."

Kwamanda ya motsa a bayanta, ta ji ɗumin numfashinsa a wuyanta. Ƙarya ba ta iya ba, kuma ba ta son ta fara a kan makulli. Ta ce, "Baba, ni dai ba wanda ya ɗauke ni aiki, iyakar sanina. Amma in ka ba ni, zan kula da ɗakin."

Baba ya ce ai shi abin da ya tambaya ke nan tun ɗazu. Ya sa mata makullin a tafin hannu.

Ɗakin ya yi ƙura, guntun ƙyallen da aka yanke yana nan yashe a ƙasa. Kafin ta sauke yaron sai da ta zaga ko'ina da idon uwa. Ta yaye ledojin gadajen ta cusa a saman kabad inda hannun yaro ba ya kai. Ta ga soket a ƙasa daidai tsawon mai rarrafe, ta tura ƙaramin kabad ta toshe shi. Ta jiƙa tsumma ta goge ƙasa. Sai da ta gama ta miƙe tana haki, sannan ta tuna abin da ta manta tun farko. Ta samu ɗaki, amma ɗaki ba ya riƙe yaro.

Tana cikin wannan tunani wata mata ta faɗo ɗakin da sauri, farar riga a kafaɗa, jaririya a hannu. Ta ce Allah ya yi mata albarka da ta buɗe, yau ta dawo daga hutun haihuwa, mai aikinta ta ƙi zuwa, ga jarrabawa za ta kula da ita a ɗakin gwaje-gwaje na sama. Ta ɗora mata jaririyar a hannu, ta rataya mata jaka a wuya, ta ce madara na ciki, a ɗumama kaɗan, ba ta son a kwantar da ita rub-da-ciki. Maman Kwamanda ta buɗe baki ta ce, "Malama, ni ma..." Amma ƙarar takalmin matar ta riga ta kai matakala.

Ɗakin gwaje-gwaje na sama guda ɗaya ne, nan ne kuma za ta yi jarrabawarta. Ta tsaya tsakiyar ɗaki, ɗa a baya, 'yar mutane a gaba, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ta zo neman wanda zai riƙe mata ɗaya, ga shi ta tashi da biyu, ta biyun ma ta wadda za ta ba ta maki ce. Abu ɗaya kawai ta tabbatar, ba za ta bar ko ɗaya daga cikinsu shi kaɗai ba, ko da shekarar za ta tafi.

Jaririyar ta fara ƙananan kuka. Ta zauna ta ba ta rabin madarar har ta yi luf. Tana kallon ƙafar gadon da ke gabanta sai ƙafar teburin kanti ta faɗo mata a rai, da zanin da aka ɗaure a jiki. Ta tashi ta kulle ɗakin, ta nufi ƙofar bayan kicin da yaran duka biyu.

Anti Kuku ta gan ta ta riƙe baki, ta ce yaushe aka yi na biyun ba a gayyace su suna ba. Maman Kwamanda ba ta biye mata ba. Ta tambaye ta wane lokaci ne wuta ta fi yawa a kicin. Anti ta ce daga tsakar rana zuwa yamma, da safe yanke-yanke ne kawai, abokiyar aikinta ma za ta iya. Maman Kwamanda ta nuna mata makullin. Ta ce in Anti ta riƙe ukun yanzu, ita za ta riƙe su daga an fito jarrabawa har a tashi, kuma a daina ɗaure yarinya kamar akuya.

Anti Kuku ta dubi makullin, ta dubi 'yarta. Ba ta ƙara zolaya ba, ta sunkuya ta kwance zanin.

A ɗakin renon sai da Maman Kwamanda ta sa ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, saboda barkono. Ta nuna mata soket ɗin da ta toshe, ta faɗi yadda Kwamanda yake son a jijjiga shi, ta maimaita zancen rub-da-ciki. Anti ta ce ita da ta raini ƙannenta kaf ake koya wa goyo, ta wuce ta tafi kafin ta canza ra'ayi. Da Maman Kwamanda ta miƙa mata makullin kuwa Anti ta ƙi karɓa, ta ce ta riƙe kayanta, ba fuskarta ce a bango ba.

Ta isa sama tana saka maɓallan farar rigarta, 'yan ajinsu har sun tsaya a gaban teburansu. Malama na bakin ƙofa. Ta dube ta sau ɗaya ta kau da kai, sai ta sake dubawa, fuskarta ta sauya.

"Ina kika bar mini 'yata?"

Maman Kwamanda ta ce tana ƙasa tana barci, ta sha rabin madara, a rigingine take, Anti ta kanti na tare da ita kuma ta wanke hannu.

"Ba ke ce mai kula da ɗakin ba?"

"Wallahi Malama, wannan ni ma ban sani ba. Amma ni ɗalibarki ce, wannan kam na tabbata."

Malama ta bar ajin a hannun mataimakinta ta sauka da gudu. Maman Kwamanda ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba, ba ta koma ba, 'yan aji suna ta satar kallonta. Can sai ga Malama ta dawo a hankali, da ɗan tabon madara a kafaɗar rigarta. Ta nuna mata teburin da babu kowa. Sai da aka gama, ana wanke kwalabe, ta zo kusa da ita ta ce ƙasa-ƙasa, ita ba ta da aji gobe da safe, a sa ta a cikin masu riƙo. Ta tambaya wa ake gaya wa. Maman Kwamanda ta taɓa makullin a aljihunta, ta ce tana jin an riga an gaya.

Da rana tana zaune a kujerar nan mai laushi, Kwamanda a cinya, jaririyar Malama a gado, 'yar Anti tana zagaye ɗakin da rarrafe kamar wadda aka sako daga kurkuku. Mijinta ya bugo waya ya ji yadda aka ƙare. Ta ce jarrabawa ta yi kyau. Ya tambaya wa ya riƙe yaron, ta ce sai ta dawo gida, labarin ba ya shiga waya.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani ɗalibi ne dogo, littattafai a hammata, yana riƙe da hannun wata 'yar yarinya mai kitso a karkace, da gani uba ne ya gwada. Ya yi sallama, ya ce an ce masa a nan zai samu mai kula da ɗakin.

Maman Kwamanda ta waiwaya bayanta. Babu kowa sai bango da sabon fenti. Ta juyo ta dubi yarinyar, ta dubi ƙasan da ta goge da safe.

"Ku cire takalma tukuna," in ji ta. "Akwai mai rarrafe."