Kurkunun Ya'u

Ka gan shi, kada ka ce ba ka gan shi ba. Ran kasuwar Makarfi da motarku ta ratsa Dandamisa, yana zaune a bakin zaurensa da ƙafa miƙe, ka kau da kai ka ce ƙauyawa ba sa son aiki. Sunansa Ya'u, kurkunu ne ya zaunar da shi.

Da safen nan matarsa Zulai ta durƙusa gabansa da ruwan ɗumi a ƙwarya. Farar tsutsar ta leƙo daga idon sawunsa, Zulai ta naɗe ɗan abin da ya fito a jikin sillen kara, kamar kowace safiya. Kaɗan ake ja, in ta tirje a bari sai gobe. Wanda ya matsa ta katse a ciki, ƙafa ta kumbura ta ruɓe, damina ta wuce shi a kwance.

Ya'u bai dubi ƙafar ba, gonarsa yake hange. Dawa ta fito, ciyawa ta kere ta. In noman farko ya wuce, bana rumbu wayam. Gayya kuwa wa zai kira? Rabin majiya ƙarfin garin suna zaune da nasu karan a ƙafa.

Da hantsi Malam Usmanu, malamin tsafta, ya iso a kan keke, Zulai ta koma bayan zana. Shi ne ya tara su shekarar da aka samu mulkin kai, ya ce kurkunu daga ruwan tafki yake, su haƙa rijiya, siminti yana zuwa daga birni. Suka haƙa, Ya'u ya fi kowa daɗewa a ramin. Siminti bai zo ba, ruwan sama ya rufta bakin rijiyar, aka koma tafki.

Suka gaisa har kan yara da dabbobi, sannan Ya'u ya tambayi labarin siminti. Malam ya ce maganar tana gaban manya, ƙasa sabuwa ce, komai sai a hankali.

"Ranka ya daɗe, a hankalin nan na san shi, ga shi a ƙafata," in ji Ya'u. "Amma nawa kullum ana ganin abin da ya ƙaru a kara. Naku ina karan?"

Malam ya yi dariya, ya ce Ya'u ba ya rabo da barkwanci, ya hau kekensa.

Hadari ya haɗo gabas. Ya'u ya dubi gonar, ya dubi ƙafar, ya kama karan ya shiga murzawa. Tsutsar ta miƙe tsaf, zafi ya harbo masa har cinya, bai daina ba. Zulai ta fito ta riƙe masa hannu.

"Maigida, in ka katse ta, mu wa ka bar wa?"

"In na zauna fa, me za ku ci?"

Zulai ta jira sai da yatsunsa suka saki karan, sannan ta shiga ciki ta fito da fartanyarsa a kafaɗa da goran ruwan tafki a hannu. Matar aure ba ta noma a garin, ya sani kafin azahar za a yi ta maganarsa a masallaci. Ya buɗe baki zai hana ta, sai ta tattare zane za ta tsallake kwata. Nan ya ga bororon kurkunu a idon sawunta, ya cika tam, ya kusa fashewa. Ta ɗan ɗingisa, ta nufi gona. Ya'u ya rufe bakinsa, ya gyara ɗaurin karansa.

Su sun yi nasu haƙurin, har da ƙari. Kai da ka yi makaranta ka san ƙofar da ake ajiye maganar simintin nan. Tashi ka je ka tsaya a bakinta, kada ka gusa sai an loda buhunan a mota.