Ustad na Bayan Labule

Shekara biyu ke nan hannun dama na mahaifina, Abbu, ya daina aiki, amma daga ni sai mahaifiyata Ammi muka sani. Kullum hannun yana cikin mayafi riƙe da carbi, mutane suna cewa Ustad Shukur, ogan gyaran taya, ya ƙara tsoron Allah. In aka kawo taya, sai ya ƙwanƙwasa ta da hagu, ya girgiza kai, ya ce wannan sai a ciki. A gungura ta bayan labule, inda baƙon namiji ba ya taka ƙafa. Can nake yin aikin, shi yana zaune da shayin gishiri yana yi mini gyara. Ran da direbobin hanyar garin Skardu suka gane mace ce ke taɓa musu taya, ran nan za su koma shagon Chacha Dildar, wato Kawu Dildar, a tsallaken titi, mu kuma mu rufe.

Wata Talata da hantsi ina leƙe ta hudar labule sai ga babur kamar bijimi, da akwatuna uku na ƙarfe. Mai shi ɗan Lahore ne, Tauƙir Sahib, da kamara a kan hular kwano, wata a ƙirji. Tayar baya ta cinye har zare ya fito. Sabuwa kuma tana ɗaure a bayansa tun daga gida.

"'Yan uwa masu kallo," ya ce wa ƙirjinsa, "ga ni a ƙarshen duniya, ba ruwa ba mutane."

Mutum goma sha ɗaya ne tsaye a kansa lokacin.

Sai da aka sauke akwatunan kafin babur ya ɗagu. A ɗaya akwai injin dafa kofi, a ɗaya man gashi kala huɗu. Sifana ko ɗaya babu. Maza shida suka cicciɓa shi kan akwatunan tuffa, Abbu yana nuni da haɓa, masu zaman banza suna rige-rigen kwance noti da sarƙa. Da wili ya fito Abbu ya ce, "Wannan sai a ciki."

"A'a, Ustad! Mutum dubu tamanin ke jiran ganin hannunka. Nan za a yi."

Chacha Dildar ya riga ya tsallako, yana sakace. "Gaskiya ne, Shukur. Fito da hannun nan ya sha iska. Ko aljanu ka ajiye a ciki suke maka aiki?"

Aka yi dariya.

Abbu ya ja carbi sau uku. "Sahib, ni wa ya san ni? Kai suke so su gani. Mutumin da ya zo daga Lahore shi kaɗai, a ce wani tsoho ya sa masa taya?"

Sahib ya gyara gashi, ya durƙusa. Ya danna ƙarfen sa taya, ƙarfe ya yi tsalle ya doke shi a ƙauri. Ya ce a yanke wurin nan daga bidiyon. Ya sake, ya karce bakin wili, ya yi salati.

"Dildar," in ji Abbu, "taimaki baƙo mana. Ai kai ba ka da aljanu, ƙarfinka ne."

Chacha bai taɓa kama taya marar tiyub mai kaurin wannan ba. Ya hau ta da ƙafa biyu. Ya kawo guduma. Ya ce wa Turawan da suka ƙera ta abin da ba zan maimaita ba. A ƙarshe ya yunƙura, mazagin wandonsa ya tsinke, kamara biyu suna kallo.

Shi da kansa ya ce, riƙe da ƙugu, "Ku kai masa ciki."

Tsohuwar tayar ba ta ba ni wuya ba, na matse gefenta da ƙyauren ɗakin hatsi ta saki. Sabuwar na jingina ta jikin tanderun Ammi har ta yi laushi, na shafe bakinta da sabulun wanki, na duba kibiyar da ke jikinta kada ta juya baya. Gwiwa a gefe ɗaya, ƙarfe kaɗan-kaɗan a ɗayan. Abbu yana buga bokiti da hagu yana nishi da ƙarfi don na waje su ji. Da iska ta shiga, taya ta yi tas, tas, aka yi kabbara a titi.

Kuskurena ɗaya. Da na tura tiren shayi ta ƙarƙashin labule, ban wanke hannu ba. Chacha Dildar ne ya sunkuya ya karɓa. Ya kalli baƙin mai har wuyan hannuna, ya daɗe bai miƙe ba.

Kwana huɗu ba na iya cin abinci. A na biyar matarsa ta shigo ta ƙofar baya da wani abu babba lulluɓe da bargo, ta ajiye gefen tanderu, bakin taya ya leƙo.

"Nilofar, wai in ji Chachanki a gaida Ustad," ta ce, tana kallon ƙasa. "Wai kafin azahar ake son ta. Kuma wai shi bai aiko ni ba."