Wayar da Ta Fara Haske

Shekara talatin Kawu yana haska fim daga ɗan ɗakin da ke saman zauren sinima, kuma hasashensa kan karɓuwar fim bai taɓa faɗuwa ƙasa ba. Shi ba allo yake kallo ba, 'yan kallo yake leƙawa ta taga. In fim ya kama zuciya, zauren duhu dunɗum. In ya gundure su, sai hasken wayoyi ya fara tashi ɗaya bayan ɗaya.

Ranar gwajin fim ɗin ɗan ƙanwarsa, wanda darakta ne, Kawu ya so a ce ciwon ido yake yi. Fim ne na soyayya da barkwanci, labarin yadda daraktan ya nemi auren matarsa. Inda saurayi ya faɗa kwata da fure a hannu, tari kawai wani ya yi. Kafin budurwa ta ce ta amince, zauren ya koma kamar sama, taurari ko'ina.

Ana tashi daraktan ya hauro yana haki.

"Kawu, yaya ka gani? Zai karɓu?"

"'Yan jarida za su ce ka yi ƙoƙari," in ji Kawu, yana goge tabarau. "Sati ɗaya zai yi a sauke shi."

Daraktan ya yi murmushin yaƙe. "Ba komai, Kawu. Dama don mutum ɗaya na yi shi."

Kawu ya sunkuyar da kai. Bai gaya masa ba cewa wayar da ta fara haske a layin gaba take, a hannun matar daraktan.