Sifirin da Mai-rodi Ya Zaɓa

Mai-rodi ya yi shekaru yana cewa ranar da ya miƙa wa ɗansa makullin shago, shi da matarsa za su shiga duniya da mota, su bi hanyar da kwalta ba ta kai ba, su kwana inda dare ya riske su. 'Yan layin masu sayar da kayan gini sun ji zancen har sun haddace, suna yi masa dariya a bayan ido. Sai ga shi shekarar da matar ta ajiye aikin asibiti, ya sayo wata doguwar mota mai ja da ƙafa huɗu, ya ajiye ta a ƙofar gida.

Kowa Sista yake ce wa matar, har shi. Mace ce mai raha, mai saurin tafiya, sai dai ta fito daga aikin jinya da ciwon baya na ɗaga marasa lafiya daga gado zuwa gado. Ciwon yakan taso, ta shafa magani, ya lafa. Ba ta taɓa mayar da shi abin magana ba.

Mai-rodi kuwa mutum ne da bai yarda da "ƙila a samu a gaba" ba. Ya sa aka haɗa wa motar tankin ruwa a baya, ya jera jarkokin mai, ya ƙara tayoyin safaya, tanti a saman kariyar ɗora kaya ta rufin motar, ƙaramin firji, janareta, da akwatin ƙarfe cike da sifanu na kwance noti. Kullum sai ya tuno wani abu. Ranar da aka gama lodin gwaji, bayan motar ya durƙusa kamar akuya mai shirin kwanciya, hancinta ya ɗaga sama. Sista ta leƙo, ta ce ashe ƙaura za su yi ba a gaya mata ba.

Washegari suka je gareji tare. Bakaniken tsohon abokinsa ne, tun suna samari. Ya shiga rami da tocila, ya daɗe yana ƙwanƙwasa ƙasan motar, sannan ya fito yana goge baƙin mai da tsumma. Ya ce sifirin ɗin baya, fallayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar, ya miƙe sarai, wannan kaya ya fi ƙarfinsa. Ya ja su bayan rumfa inda ya jingine iri biyu a bango. Ɗaya matsakaici ne, fallayensa sirara. Ɗayan kuma kauri gare shi, falle kan falle, mutum ɗaya ba ya iya ɗaga shi.

Bakaniken ya ce kowanne da halinsa. Matsakaicin yana da laushi, amma sai an rage kaya. Mai kaurin zai ɗauki duk abin da aka ɗora masa ko gezau, sai dai in kaya ya yi sauƙi ba ya lanƙwasa, duk abin da hanya ta ba shi sai ya miƙa wa na ciki. Ya ce in shi ne ma, bai san wanda zai ɗauka ba.

Sista na zaune a benci tana fifita da gefen gyale.

"Baban yara, a rage kayan mana," ta ce. "Mu biyu ne fa. Me za mu yi da janareta a daji, biki za mu haɗa?"

"Ranar da muka maƙale inda babu kowa, za ki gode wa janaretan nan," in ji shi.

Ta yi dariya, ta ce to shi ne direba. Ya taka mai kaurin da ƙafa, ya ji bai motsa ba, abin ya yi masa daɗi. Duk rayuwarsa ƙarfe yake sayarwa, kuma bai taɓa ganin wanda ya yi kuka don ya sayi mai kauri ba. Ya ce a ɗaura shi.

Da aka ɗaura, motar ta miƙe tsaf, ta yi kyan gani. Suka yi sallama da 'ya'ya da jikoki, suka kama hanya.

Farkon tafiyar ba a cewa komai. Tanki cike, jarkoki cike, motar tana tafiya lafiya a kan kwalta, har da suka sauka kan burji ba ta nuna gajiya ba. Suka kwana a gindin wani dutse, suka wayi gari tsuntsaye na ta hayaniya a kansu. Sista ta dafa shayi a kan risho, ta ce rabonta da ta ga sama da faɗi haka tun tana yarinya. Mai-rodi ya ji kansa ya yi girma. Duk ramin da suka wuce sai ya daki sitiyari ya ce ta ji aikin sifirin.

Amma ruwa ana sha, mai yana ƙonewa, abinci yana raguwa. Kullum motar tana ƙara sauƙi, hanya kuma tana ƙara muni. Suka shiga wata doguwar gargada da ba ta da ranar ƙarewa, bayan motar ya dinga tsalle, kofuna na kaɗawa a cikin akwati. Shi yana riƙe da sitiyari, jikinsa kuma na mai ɗaukar siminti ne, bai ji wani abu na a zo a gani ba.

Sista ta fara neman a tsaya. Yanzu ta ce tana son ganin wata bishiya, an jima ta ce a bari ta ɗauki hoton garken shanu. Takan sauka a hankali, ta dafa ƙofa, ta daɗe a tsaye tana kallon nesa. Abin ya fara ba shi haushi. Ya ce da irin wannan tsaye-tsaye sai damina ta same su a hanya. Ta ba shi haƙuri, ta naɗe bargo ta sa a bayanta, ta ce sanyi take ji. Hirarta ta ragu. Ya ɗauka kewar jikoki ce.

Wata rana da hantsi suka isa wani busasshen rafi. Ya saka giya ya gangara, tayar baya ta faɗa wani rami da yashi ya rufe, motar ta buga ta yi sama. Sista ba ta yi ƙara ba. Numfashi kawai ta ja, irin wanda bai taɓa jin ta ja ba. Da ya haye ya tsaya, ya zagayo ya buɗe mata ƙofa, sai ya ga gumi ya jiƙa mata wuya.

"Kada ka ja ni," ta ce. "Ƙafar hagu ba na jin ta."

"Tun yaushe bayan yake ciwo?"

"Tun da muka bar kwalta da kwana kaɗan."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na ga kana murna."

A nan bakin rafin ya sauke janareta, da firji, da akwatin sifanu, don ya shimfiɗa mata katifa a baya. Yana saukewa yana sane cewa kowane abu da ya cire ƙara wa motar tauri yake yi. Sai ya koma ya ɗebi yashi a buhunan da suka zo da su, ya jera a gefenta don nauyi ya dawo, ya rage iskar tayoyi. Kayan ya bar wa wasu makiyaya da suka tsaya taimako. Ya juya kan mota, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, yana jin kowane dutse a cikin haƙoransa.

A asibitin farko da suka samu aka ce ƙashin baya ne ya danne jijiya. Aka mayar da ita babban asibitin da ta yi aiki, inda waɗanda ta koya wa aiki suka yi ta jinyarta. Likita ya ce ciwon daɗaɗɗe ne, ko ba tafiyar nan wata rana zai iya tasowa. 'Ya'yan suka riƙe wannan maganar suna maimaita wa uban. Shi dai yakan gyaɗa kai kawai.

An yi mata aiki, ƙafar ta dawo, amma ba duka ba. Sista mai saurin tafiya ta koma dogara sanda, kuma aka hana ta doguwar tafiya a mota. Ba ta taɓa ce masa ga laifinsa ba. In baƙi sun zo dubiya, labarin dutsen nan da tsuntsaye take ba su, har ta ƙara gishiri. Wannan ya fi yi masa ciwo a kan faɗa. Bakaniken ya zo gaisuwa, ya ce a kawo motar ya ɗaura mata matsakaicin. Mai-rodi ya ce a bar shi, wa zai zauna a ciki?

Motar ta daɗe a ƙofar gida a ƙarƙashin tamfol, kaji na kwana a ƙasanta. Sista ce ta matsa a sayar, ta ce tana tare mata iska. Wasu masu haƙar rijiyar burtsatse suka zo suka saya. A gabansa suka loda mata bututu da buhunan siminti har saman kariya, motar ko durƙusawa ba ta yi ba. Shugabansu ya leƙa ƙasa, ya miƙe yana murmushi, ya ce wanda ya zaɓi sifirin nan ya san abin da yake yi.

Mai-rodi ya ce Allah ya sa albarka. Ya tsaya har suka sha kwana, sannan ya shiga gida, don lokacin da zai riƙe Sista ta zagaya tsakar gida ya yi.