Mai Duba Irin Albasa

Ni ne mai duba iri na ƙungiyar manoman albasa ta Boɗinga da Shagari tun gashin kaina bai fara fari ba. Duk irin da za a raba wa mutane sai ya bi ta hannuna a Dingyaɗi. In na ce a zubar, zubarwa za a yi.

Idona ya fara tafiya a hankali. Ban faɗa wa kowa ba, don na san mutanenmu: ranar da anka ji mai duba iri ba ya gani, ranar za a ɗauke mishi tabarma. Alhali iri ba da ido kaɗai ake saninsa ba. Ina murza shi a tafin hannu, in shaƙa, in zuba cikin ƙwaryar ruwa in bi da yatsa in ji wanda ya taso. Ban taɓa ba wa manomi mataccen iri ba.

Mutum ɗaya ya sani, Lukman, ɗan aminina marigayi na Mandera. A gidana ya girma, a akushina ya ci. Shi ya gan ni ina kai waya har bakin hanci, ya karɓa ya taɓa wani wuri, sai fuskarta ta koma baƙa ƙirin, rubutu ya fito rawaya, manya. Na karanta saƙo da kaina, ba wanda ya taya ni.

Na ce, "Wanga zance tsakanina da kai na."

Ya ce, "Haba Baffa! Ko da wuƙa a wuya."

Da ƙungiya ta so shafi a intanet, ni na tsaya anka ba shi aikin. Anka shirya a buɗe shi a Shagari, kuma ni zan karanta gaisuwar farko a gaban baƙi. Na kira shi gefe na ce ya tabbatar abin zai fito a irin wayata. Ya yi dariya ya ce, "Baffa, kwantar da hankalinka, na gama da wannan."

Ranar taro rumfa ta cika. Alhaji Bashar, shugabanmu, ya miƙo mini lasifika yana tsokanata, "Tsoho mai ran ƙarfe, yau kai ma ka zama ɗan boko!" Anka yi dariya, ni ma na yi. Na buɗe shafin.

Ba komi. Baƙi ƙirin tun daga sama har ƙasa.

Ashe gaisuwar ba rubutu ba ce. Hoto ne Lukman ya zana da baƙar tawada don ƙawa. A wayar kowa yana zaune kan fari tas, a tawa kuwa baƙi ya hau baƙi ya ɓace. Na ja sama, na ja ƙasa. Wani daga cikin baƙin birni ya leƙo ya ce, "Kai, shafin nan bai aiki ne?"

Na dubi inda Lukman yake. Abin da nake jira kaɗan ne. Ya ce matsalar sabis ɗin waya ce, ko ya ce kuskurensa ne, ya miƙo takarda ko ya karanta da kansa. Sai ya taso da sauri ya karɓi lasifikar.

"A'a, ranka shi daɗe, shafi lafiya lau. Ku duba naku. Wayar Baffa ce anka saita irin ta masu raunin gani."

Kowa ya juyo yana kallona. Na ji wani a baya ya ce, "Mi? Mai duba iri bai gani?" Wani ya amsa, "To irin bara fa, wa ya duba muna?" Irin bara da ya cika musu rumbuna har suna neman wurin zubawa.

Alhaji Bashar bai wulaƙanta ni ba. Ya dafa kafaɗata ya ce na yi wa jama'a hidima, lokacin hutu ya yi. Da lokacin yayyafa iri ya zo, buhunan sunka wuce ƙofata sunka nufi Horo Birni, gidan Ubaidullahi, wanda anka ba aikina.

Bayan nan Lukman ya zo. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya ce ya gyara. Ya maida hoton rubutu na gaskiya, yanzu kowace waya tana nuna shi. Na karɓa na duba. Ga shi kuwa, rawaya a kan baƙi, kowane harafi tsaye da ƙafarsa.

Na ce, "Gyaran ya ba ka wuya?"

Ya sunkuyar da kai. "A'a Baffa. Kafin shayi shi huce na gama."

Na miƙa mishi wayar, na ce ya gaida mutanen Mandera. Ya jima a durƙushe yana jiran in ƙara wata magana. Na jawo ƙwaryata, na ci gaba da murza ɗan irin da zan shuka a gonata.