Mutum Huɗu, Duma Uku

Wasan nan Sarsan Barmo ne ya kawo shi Gure. Tsohon soja ne, ya yi wa Faransa aiki tun kafin mulkin kai, har suka kai shi wasu duwatsu inda ƙanƙara ke rufe ƙasa rabin shekara. A can ya ga ƙasashe suna gasa, mutum huɗu-huɗu, kowa da dogon katako ɗaure a ƙafa, bindiga rataye a baya. Mutum ya sulala ya yi nisa, ya tsaya ya yi harbi, ya dawo ya dafa kafaɗar ɗan'uwansa, shi ma ya tashi. Shekara da shekaru yana ba da labarin nan a inuwar bakin kasuwa, ana jin sa kamar tatsuniya.

Sai shekarar da damina ta yi kyau bayan fari, hatsi ya shiga rumbu, kumandan, mai mulkin yankin, ya ce samariya ta nemo wasan da za a kai bikin matasa a Damagaram. Barmo ya ce shi yana da wasa.

Wani ya ce, "Baba Sarsan, ina za mu samo ƙanƙara?"

"Ga rairayi nan Allah Ya ba ku. Ya fi ta cin ƙafa."

Kumandan ya hana bindiga, sai aka koma ga baka da kibiya. Mutum zai haye tudun rairayi ya gangara, ya tarar da duma uku a kan turaku, da kibiya biyar a hannunsa. Duk dumar da ta tsira, sai ya kewaya rijiya sau ɗaya saboda ita kafin ya kama hanyar komawa. Gari huɗu suka shiga: Gure, Bune, Kelle da Gidigir. Kowane gari zai karɓi baƙi ran kasuwarsa, amma ukun farko na koyo ne. Waɗanda suka ci a Gure su ne za su hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Damagaram.

Kamiyon nan shi ne ya hana Fannami sakat. Saurayi ne Babarbare, ya bar makarantar lakwal tun bai yi nisa ba, ya taɓa ɗinki ya bari, ya taɓa dakon kanwa ya bari. Duk motar da ta tsaya a tasha sai ya zagaya ta yana tambayar direba ina ta nufa. Bai taɓa wuce Gidigir ba. Sau biyu ya roƙi mahaifinsa ya bar shi ya je Damagaram, tsohon ya ce wanda bai iya zama a gida ba, birni haɗiye shi zai yi. Amma tafiyar kumandan ba mai hanawa. Fannami ya san wannan, shi ya sa ya riga kowa zuwa wurin Barmo.

A ƴan Gure ba wanda ya kai shi gudu, don haka aka sa shi na ƙarshe, bayan Yabawa da Ɗanladi da Ibram. Hannunsa ma ba laifi. Bakinsa ne matsalar.

Na ƙarshen ƴan Kelle wani Bafillace ne, Hamma, dogo, siriri, wanda ya girma yana bin shanu a kan tuddai. Tsakanin Fulani da Barebari kuwa kowa ya san akwai wasa tun kakanni. Ko a gaban alƙali suka haɗu sai sun taɓa juna, kuma ba a fushi.

A Bune suka fara haɗuwa. Fannami ya iso wurin harbi yana haki, ya ɗana kibiya, sai ya ji murya a gefensa.

"Bawana, wa ya ba ka baka? Kawo in riƙe maka, kada ka ƙara wa fuskarka tsage."

Fannami bai ko juya ba ya ce, "Ɗan Fillo, ka matsa, kada in ɗauka ƙafarka ce turke."

Ya ji daɗin maganar har ya yi dariya, kibiya ta tafi gaisar da goruba. Hamma ya ƙara, shi ma ya rama. Kibiya biyar suka ƙare, duma uku suna zaune lafiya lau. Fannami ya kewaya rijiya sau uku, mata masu ɗiban ruwa suna tambayarsa ko guga ya ɓatar.

A Kelle ma haka aka yi, sai dai Fannami ya sami duma ɗaya. Da yamma Yabawa ya kai ƙara wurin Barmo, ya ce a hana magana a wurin harbi.

Barmo ya ce, "Ni in hana Bafillace taɓa Babarbare? Wasansu ya girmi nawa. Abokinku dai ya koyi rufe baki."

Daga nan kullum bayan la'asar sai su gangara kwari, bayan dabinai. Barmo ya sa Fannami ya haye tudu ya dawo, sannan ya tsai da shi gaban duma.

"Kada ka taɓa kibiya tukuna. Saurari ƙirjinka. In ya daina dukan ganga, ka saki numfashi rabi, ka riƙe sauran."

Su Yabawa kuma suna tsaye a bayansa suna kwaikwayon muryar Hamma, suna zagin kakanninsa da sana'arsu ta gishirin Manga. Da farko dariya takan kama shi. Amsoshi suna zuwa masa uku-uku, kowace ta fi ƴar'uwarta daɗi, yana haɗiye su kamar magani. A hankali ya saba. Ya gano cewa in ya kafa wa wuyan dumar ido, maganganu sukan koma kamar kukan kasuwa daga nesa.

A Gidigir Hamma ya yi iya yinsa, Fannami bai ce uffan ba. Kibiya huɗu, duma uku, Gure ta ci. Bayan an watse Hamma ya same shi yana wanke ƙafa.

"Bawana, lafiya? Ko na yi maka laifi ne?"

"Ba laifi. Tara maka nake yi."

"To, madalla. Na zaci an ɗinke maka baki a shagon da ka gudu."

Ran kasuwar Gure aka yi ta ƙarshe, da hantsi, kafin rairayi ya ɗau zafi. An kawo wa kumandan kujera. Kamiyon ma yana tsaye a bakin fili, direba na zaune a kan marfin inji yana cin goro. Tun a mutum na biyu Bune da Gidigir suka koma baya. Ɗanladi ya kewaya rijiya sau ɗaya, Ibram ya rage tazarar, amma duk da haka Hamma ya riga Fannami tashi. Lokacin da Ibram ya dafa kafaɗar Fannami, Bafillacen ya kai rabin tudu.

Fannami bai yi gaggawa ba. Ya haye, ya gangara, ya tsaya a wurinsa. Ya saurari ƙirjinsa yana jiran zagi. Shiru. Ya harbi ta farko ta fashe, ta biyu ma haka. Kibiya ta uku ta goge turke ta wuce, ta huɗu ta shiga cikin duma har gashi. Ya gama. Abin da ya rage masa ya ajiye baka ya ruga.

Sai ya waiga, don shirun ya yi masa yawa.

Hamma na tsaye, duma ɗaya ta rage masa, kibiya ma ɗaya. Ya ja tsirkiya ya sassauta, ya sake ja. Hannunsa na rawa, gumi na bin haɓarsa. Ashe shi ma kamiyon yake so. Fannami bai taɓa ganin fuskar nan ba murmushi ba. In kibiyar ta kauce, Hamma zai tafi rijiya, shi ke nan Gure ta ci ko da Fannami tafiya zai yi. In ma ta samu, wanda ya tashi yanzu ya yi nisa.

Daga kan tudu Yabawa yana ɗaga hannu yana kiransa. Fannami ya ɗaga ƙafa ɗaya. Amma maganar ta riga ta zo masa, cikakkiya, ba inda za a gyara ta, kuma ga Bafillace a tsaye ba shi da bakin ramawa. Irin wannan rana ba ta zuwa sau biyu. Ya jira sai da Hamma ya sake jan tsirkiya, ya matso taku biyu, ya ce a hankali,

"Ɗan Fillo, harba abinka. Babu nono a ciki, Inna ba za ta doke ka ba."

Mutanen da ke kusa suka kwashe da dariya. Hamma ya sauke baka, ya sunkuya yana dariya har sai da ya dafa gwiwa. Da ya ɗago, ya share ido da bayan hannu, ya ja dogon numfashi. Fannami na kallo ya ga hannun nan ya tsaya cak. Kibiya ta tashi, duma ta rabe biyu.

"Na gode, bawana," in ji Hamma, ya yar da baka.

Tare suka tashi. A kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa Fannami ya fi shi, har ya ba shi tazara kaɗan. Amma hawan tudu aikin mai bin shanu ne. Fannami yana jin ƙafarsa na nutsewa, yana jin numfashin Hamma a bayansa, sannan a gefensa. A gangara ya yi ƙoƙari ya kamo, bai kamo ba. Tsawon sanda ɗaya ne tsakaninsu a wurin layi.

Ƴan Kelle suka ɗauke Hamma. Fannami ya zauna a ƙasa yana zazzage rairayi daga tsakanin yatsunsa. Yabawa ya wuce shi bai ko dube shi ba. Can sai inuwar Barmo ta rufe shi. Tsohon ya daɗe a tsaye, hannu a baya.

"Ka gama harbi kafin shi."

"Na gama, Baba Sarsan."

"To, me ya tsai da kai?"

Fannami ya dubi kamiyon. Direba ya sauko yana nuna wa ƴan Kelle inda za su sa kayansu ran tafiya. Fannami ya ce,

"Na zaci zai kuskure ne."

Barmo ya zauna kusa da shi da ƙyar, saboda gwiwa. Ya ce, "Ina nesa, ban ji ba. Me ka ce masa?"

Fannami ya maimaita, murya ƙasa-ƙasa. Tsohon ya kau da kai wajen tuddai, amma kafaɗarsa na girgiza. Da ya natsu ya miƙa wa Fannami buta.

"Sha ruwa. In ka huta ka je ka tattaro mini kibiyoyin, na aro ne."